Ga Yaron da Bai Ga Sunansa a Jerin 'Yan Hoki Ba

Ɗana, na ji abin da ya faru ranar Juma'a. An fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka a babban tim ɗin hoki na makarantarku, ka duba daga sama har ƙasa, ka sake dubawa daga ƙasa zuwa sama, naka ba ya ciki. Mahaifiyarka ta ce tun ranar jakar kayan wasanka ke yashe a gareji, abinci ma sai an yi da gaske kake ci. Ba kai kaɗai nake wa magana ba. Duk watan Nuwamba yara maza da mata da yawa a makarantun sakandaren jihar Minesota ke komawa gida da irin wannan ciwo, don haka ku ma ku matso ku ji.

'Yan'uwanmu na gida za su yi mamakin a ce yaro ya ƙi abinci saboda hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara. Wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. Tun 1945 ake gasar hoki ta makarantun sakandaren wannan jiha, kuma duk watan Maris mutum fiye da 18,000 ke cika filin da ƙwararrun Minnesota Wild ke wasa a St. Paul, babban birnin jihar, don kallon yara 'yan shekara 16 da 17. Ana nuna ta a talabijin. Yaro ya fara sa takalmin zamiya tun yana shekara biyar, iyayensa suna tashinsa da asuba cikin sanyin da ke daskarar da numfashi don a kai shi atisaye, shekara goma cur yana mafarkin rigar makarantarsu. Sai a wayi gari babban tim ya ɗauki mutum 20, masu tsaron raga biyu da 'yan wasa 18, shi kuwa a ce ya yi haƙuri. Kukanka a kan hanya yake, ba kuma zan ce maka wasa ne kawai ba.

Ka tambayi babanka ko an yi adalci, ya rasa amsar da zai ba ka. Ni zan ba ka tawa: zaɓen nan bai taɓa zama adalci tsantsa ba. A 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka duba ranakun haihuwar 'yan hokin manyan gasannin matasa na ƙasar, suka ga waɗanda aka haifa tsakanin Janairu da Maris sun ninka na Oktoba zuwa Disamba nesa ba kusa ba. Dalili kuwa a fili yake. A can ana raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Janairu, sai ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna rukuni ɗaya. A shekara tara wannan tazara babba ce. Ɗan Janairu ya fi jiki, a zaɓe shi, ya samu koci mai kyau da wasanni masu yawa, kafin a ankara ya fi ɗaya ɗin iyawa da gaske. Ga kuma kuɗi. Hayar filin ƙanƙara da tsada, sandar kirki da tsada, sansanin horo na lokacin hutu da tsada, kuma yaron da iyayensa suka biya masa duk wannan yana shiga gwaji da abin da kai ba ka da shi. Ga sanayya. Koci ɗan Adam ne, yaron da ya sani tun yana ƙarami in ya yi kuskure sai ya ce yau ce ba ta yi masa kyau ba, kai da bai sani ba kuskurenka shi ne kai. Wani lokaci ma ɗan ajin ƙarshe da ɗan aji biyu su yi kunnen doki, a ɗauki ƙaramin don yana da sauran shekaru a gaba. Duk waɗannan suna faruwa, kuma wanda ya ce maka babu su bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma akwai abin da ɓacin rai ke rufe maka ido a kai. Koci ba jera yara yake daga gwani zuwa na baya ya yanke a kan na 20 ba. Tim yake haɗawa. Yana buƙatar 'yan gaba rukuni-rukuni masu musanya juna kafin minti ɗaya ya cika, yana buƙatar 'yan baya, yana buƙatar wanda zai tare harbi da jikinsa lokacin da alƙalin wasa ya zaunar da ɗaya daga cikinsu aka bar su huɗu a gaban biyar. Kai ka ƙirga ƙwallayen da ka ci a kwanakin gwaji. Shi yana kallon abin da ka yi bayan an ƙwace maka: ka juyo da gudu ka taya 'yan baya, ko ka tsaya kana buga sanda a ƙasa? Mai yiwuwa ka fi wanda aka ɗauka iya cin raga, shi kuma ya fi ka abin da tim ɗin ya rasa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Na ji ana yawo da magana a wayoyinku cewa wane ya shiga ne don babansa na ba ƙungiyar iyaye kuɗi. Ka gani da idonka? In ba ka gani ba, ka kama bakinka, domin wannan ƙazafi ne, kuma ka san matsayinsa a addininmu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, haka kake shirin yi. Yaron nan bai rubuta jerin ba. Tare kuka taso, tare kuka sha sanyin asuba. Ka kira shi ka yi masa murna ko da muryarka na rawa. Hassada in ta samu wuri a zuciyar saurayi, ba a wasa kaɗai take tsayawa ba, tana bin sa har wurin aiki da gidan aure.

Kuma kada ka tura babanka. Ku ma iyaye ku ji wannan, don na ga uban da ya rubuta wa koci wasiƙa mai zafi da tsakar dare, abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne ɗansa ya zama ɗan mutumin nan mai rigima. Kai za ka je da ƙafarka. Ka bari kwana biyu ko uku zuciya ta huce, ka nemi minti goma, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa ba musu ka zo yi ba, so kake ya faɗa maka abu biyu da za ka gyara kafin baɗi. Ka rubuta abin da ya ce. In ya ce zamiyarka ta baya ba ta da ƙarfi, ka samu aikin wata goma sha biyu. In kuwa akwai zalunci na gaske, kamar a wulaƙanta ka saboda launin fatarka ko addininka, wannan daban ne, ba a haɗiye shi, makaranta tana da shugaban sashen wasanni, nan iyayenka za su kai ƙara da hujja a hannu.

Bari in ba ka labarin wani ɗan garin nan. Herb Brooks ɗan St. Paul ne, ya ci kofin jiha da makarantar Johnson a 1955. A 1960, yana da shekara 22, yana cikin tawagar Amurka mai shirin zuwa Olamfik a Squaw Valley, saura kwanaki kaɗan aka cire shi. Bill Cleary, gwanin da koci Jack Riley ke matuƙar so, ya ce ba zai zo ba sai da ɗan'uwansa Bob, dole aka nema masu wuri. Ka ga ko a can sama ba a rasa irin abin da kake kuka da shi ba. Brooks ya zauna a gida tare da mahaifinsa yana kallo a talabijin abokansa suka ci zinare, kuma yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, uban ya juyo ya ce masa da alama koci ya cire wanda ya dace a cire. Magana ce mai ɗaci, ban kuma ce iyaye su kwaikwaye ta ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne bai ajiye sanda ba. Ya buga wa Amurka a Olamfik na 1964 da na 1968, ya zama kocin Jami'ar Minesota ya ci kofin jami'o'in ƙasa a 1974 da 1976 da 1979. A 1980 a Lake Placid shi ya jagoranci yaran jami'a suka doke Tarayyar Sobiyet 4 da 3, suka bi da Finland suka ɗauki zinare. Kafin tafiyar kuwa sai da shi ma ya rage tawagarsa zuwa 20, ya kira wani saurayi mai suna Ralph Cox ya faɗa masa da bakinsa cewa ba da shi za a je ba. Wanda aka cire a ƙarshe shi ne ya zo yana cire na ƙarshe, kuma ya san nauyin abin.

Ba alkawari nake maka za ka zama Brooks ba. Mafi yawan waɗanda aka cire ba sa zuwa Olamfik, haka ma mafi yawan waɗanda aka ɗauka. Yana yiwuwa ka yi duk abin da koci ya ce, baɗi ka sake rasa sunanka. Rabo na Allah ne, naka shi ne gudu, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka bar wasan da kake so don kwana huɗu na gwaji sun zo maka a karkace, ko don kunyar a gan ka a ƙaramin tim. In an ba ka wuri a tim na biyu ka karɓa da hannu bibbiyu, can za ka samu mintuna a kan ƙanƙara fiye da wanda ke ɗumama benci a babban tim, kuma daga can koci ke ɗauka idan wani ya ji rauni a tsakiyar kaka. In ba a ba ka ko'ina ba, akwai gasar Junior Gold da aka tanada don 'yan sakandare irinka, ka tambayi ƙungiyar hokin unguwarku ko rajista tana buɗe tun kafin ta rufe.

Yau dai ka shiga gareji ka buɗe jakar nan ka shanya kayan, kada su ruɓe da gumi. Ka kai takalman a wasa masu ƙarfe. Nan da 'yan makonni sanyi zai kama sosai, ma'aikatan birni za su zuba ruwa a filin unguwa ya daskare, a kunna fitilu har dare, kuma can babu mai tambayar sunanka a wani jeri. Ranar Asabar bayan la'asar zan biyo in ɗauke ka mu je a wasa takalman, ka shirya.