Girinhaus a jikin zauren al'umma: a duba rana kafin a duba hoto

Ni fa abin da ke damuna da zane-zanen da ake ta yaɗawa na cibiyar unguwa mai ɗakin shuka na gilashi, wato girinhaus, a jiki shi ne, kusan dukkansu an yi su ne don ƙasar sanyi, amma sai ka ga wanda ke zaune inda rana ke dafa ƙwai yana cewa shi ma irinsa yake so sak.

A nan Holand inda nake, watan Disamba ko tsakar rana tsayin rana wajen digiri 15 ne kawai daga ƙasa, tana raɓe can kudu, shi ya sa a unguwarmu da ake gyaran zanen wani zaure mai ɗakin shuka duk gardamar a kan yadda za a kamo zafi ne a riƙe shi. Aka juya gilashin ya kalli kudu, aka sa bango mai kauri tsakaninsa da ɗakin taro don ya sha rana da yini ya sake ɗumi da dare, wani dattijo ma ya nace a jera duro-duro na ruwa masu baƙin fenti a gindin bangon, kuma yana da gaskiya, ruwa na riƙe zafi wajen ninki biyu na kankare mai girmansa ɗaya. Manoman arewacin Sin sun daɗe a kan wannan dabara, katon bango a arewa, leda a kudu, da dare su warware bargo su lulluɓe.

To ɗauki wannan zanen ka kai ƙasa mai zafi kusa da tsakiyar duniya ka gani. Rana a can a tsakar ka take, abin da ke cin wuta shi ne rufi da bangon gabas da na yamma, kuma kai ba zafi kake nema ba, hanyar korarsa kake nema. Tumatir da zarar zafi ya kai wajen digiri 35 fure yake zubarwa, ba zai yi 'ya'yan kirki ba, balle ɗakin gilashi a rufe da bazara, kuma wai a jikinsa ne yara za su yi karatu mata su yi taro? Ko a Almeriya ta Sifen, inda girinhaus ya rufe sama da hekta 30,000, leda suke amfani da ita kuma idan zafi ya zo farar ƙasa suke shafawa a rufin don rage rana. Ni a ganina mai zane a irin wannan wuri ya fara da ragar inuwa da ragar hana ƙwari, ya ɗaga rufi sosai ya bar kafa a ƙololuwa iska mai zafi ta fita, ya sa ɗakin shukar a inda iska ba za ta kwaso danshinsa ta tura zaure ba. A duba makarantar firamare da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001, kwano ne aka ɗaga sama da silin na tubalin laka iska na ratsa tsakani, ba esi ba komai, mutumin nan har lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, ya samu a 2022.

Abu ɗaya kam ko'ina haka yake, danshi. Ka shiga ɗakin shuka da sassafe ka ga ruwa na ɗiga daga ƙarfen rufi yana sauka a wuyan rigarka, ƙofar katako ta kumbura sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe. Idan babu ƙofa biyu da bangon da ba ya naso tsakanin nan da ɗakin littattafai, funfuna za ta cinye su wallahi.

Sai ruwa. Lissafin ba wuya, milimita 1 na ruwan sama a murabba'in mita 1 lita 1 ne, rufi mai murabba'in mita 200 a inda ake samun milimita 600 a shekara zai tara lita 120,000 kafin a cire asara. Nan Holand ruwa na sauka kusan duk shekara, ƙaramin tanki ya isa, inda kuwa damina wata huɗu ce tankin shi ne rabin aikin, a zana shi tun farko a ƙarƙashin ƙasa, kar a bari sai an gama gini a fara neman inda za a cusa shi.

Kuma don Allah kafin a sa hannu a zanen ƙarshe a kira waɗanda za su riƙa ban ruwa da share wurin su zauna da akitek, wato mai zanen ginin. Su ne za su ce wannan tagar ta yi sama hannu bai kai, baro ba zai wuce wannan lungun ba, wannan na'urar buɗe taga mai aiki da kanta idan ta lalace wa zai gyara ta a kusa?