Wanda zai sayi sabuwa aka ba kuɗin, mai neman ta hannu ya biya

Na ji shirin rediyon nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Masanin da aka gayyato ya zauna yana ta yabon abin da Amurka ta yi a 2009, lokacin da gwamnati ta riƙa biyan mutane kuɗi don su miƙa tsofaffin motocinsu a murƙushe su sayi sababbi, har yana cewa duk ƙasa mai hangen nesa irin wannan ya kamata ta kwaikwaya. Mai gabatarwa kuwa ban da “haka ne” babu abin da ya fito daga bakinsa. Ko sau ɗaya bai tambayi wanda kuɗin ya shiga aljihunsa ba, balle wanda aka bari da tsada. Tunda bai tambaya ba, ni zan amsa: mai halin sayen sabuwar mota aka tallafa wa, kuma mai neman motar hannu ne ya biya.

A duba sharuɗɗan tsarin, domin a cikinsu maganar take. Shugaba Obama ya sa wa dokar hannu a watan Yunin 2009 da dala biliyan 1, kuɗin suka ƙare cikin kusan mako guda, majalisa ta ƙara biliyan 2, aka rufe shirin ranar 24 ga Agusta bayan an karɓi motoci kusan 680,000. Wanda ya kawo tsohuwar motarsa ana yi masa rangwamen dala 3,500 ko 4,500, amma a kan sabuwa dal kaɗai. Sannan motar da zai kawo dole ta kasance tana tafiya da ƙafarta, tana da inshora da rajista na shekara guda cur, ba ta kai shekara 25 ba, kuma tana shan mai sosai, wato ba ta cin kilomita 8 a lita ɗaya. Ma'ana, akwalar da ta daɗe a jibge a bayan gida ba ta cancanta ba. Mai lafiya ake nema, wadda jiya ta kai yara makaranta. Idan an kawo ta, sai dillali ya tsiyaye baƙin man injin, ya ɗura wani sinadari da ke daskarewa kamar gilashi, ya tayar da ita ya yi ta ba ta wuta har injin ya sandare, yadda babu bakaniken da zai iya tayar da shi har abada. Wannan shi ne abin da ake so mu tafa wa.

Yanzu a yi lissafi irin na kasuwa. Mutumin da motarsa za ta yi dala 8,000 a wurin dillali ba zai miƙa ta a kan 4,500 ba, domin ba mahaukaci ba ne. Waɗanda suka miƙa su ne masu motar da darajarta ba ta kai kuɗin rangwamen ba, wato motar dala 1,500, ta 2,000, ta 3,000. Gwamnati ta sa irin waɗannan motoci sun fi daraja a mace a kan a raye. To su wane ne masu sayen motar dala 2,000? Ɗalibi ne, da mai wankin kwanuka a gidan abinci, da bazawarar da ke riƙe da yara uku, da baƙon da bai daɗe da sauka a ƙasar ba, a ƙasar da a yawancin garuruwanta wanda ba shi da mota ba ya iya zuwa wurin aiki. Waɗannan mutane ba su ga ko sisi daga cikin biliyan 3 ɗin ba, saboda babu bankin da zai ba su bashin sabuwar Corolla ana tsakiyar karayar tattalin arziki. Abin da ya same su kawai shi ne an kwashe kaya daga layin da suke saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da za a ce, domin an riga an fara faɗa. Za a ce mota 680,000 ba komai ba ce a ƙasar da ke da motoci sama da miliyan 200 a kan titi, kuma tashin farashin motocin hannu da aka gani a 2010 ya samo asali ne daga faɗuwar cinikin sababbi, wanda ya sauko daga kusan miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 10 da 'yan kai a 2009. Na yarda cinikin ya faɗi, kuma wannan ma ya ƙara mini hujja. Idan kasuwa tana fama da ƙarancin kaya, wane mai hankali ne zai zaɓi wannan lokacin ya farfasa wanda ya rage? Kuma talaka ba ya ciniki a cikin motoci miliyan 200. Yana ciniki ne a ɗan siririn layin masu araha, kuma daga wannan layin aka ɗebi kayan. Wanda ya riƙe tsohuwarsa ma bai tsira ba, domin duk injin da aka kashe, inji ne da wata rana zai iya saye da arha ya ɗora wa tasa.

Za a kuma ce ai an ceci masana'antu da ayyukan yi. Masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun bi diddigin cinikin gari-gari, suka gano cewa zuwa watan Maris na 2010 kusan duk ƙarin da aka samu ya zaizaye, saboda mutanen da tun farko suka yi niyyar sayen mota nan da 'yan watanni ne kawai suka gaggauta don su kwashi rangwamen. Wato an ɗauki kuɗin harajin kowa da kowa, har da na mai wankin kwanuka, an miƙa wa mutumin da ko babu tallafi zai sayi motarsa. Madalla da wannan hikima. Batun tsaftar iska kuwa, ban raina shi ba, hayaƙi yana kashe mutane da gaske, amma ƙera sabuwar mota ma da wuta da ƙarfe ake yi, kuma mai son rage hayaƙi yana da hanyoyin da ba sai an bi ta kan wuyan mai ƙaramin ƙarfi ba.

Jamus ta yi nata a shekarar, kuma ya fi girma. Yuro 2,500 aka riƙa bayarwa a kan motar da ta kai shekara 9, aka kashe yuro biliyan 5, aka kwashe motoci kusan miliyan 2 kafin kuɗin su ƙare a farkon Satumba. Rajistar sababbin motoci ta haura zuwa miliyan 3.8 a 2009, sannan ta rikito zuwa miliyan 2.9 a shekarar da ta biyo baya, labari ɗaya ne da na Amurka. A nan ne kuma abin ya taɓa mu kai tsaye, domin Golf ko Opel mai shekara 9 ko 12 a Jamus ita ce ake loda wa jirgi a Hambug ko Antwaf, ta sauka Kwatano ko Legas, ta zama 'yar Beljiyam ɗin da malamin makaranta a Zariya ko Maraɗi yake tara kuɗi shekara da shekaru don ya mallaka. Ƙungiyar jami'an binciken laifuka ta Jamus ta yi ƙiyasin cewa motoci har 50,000 da aka rubuta an murƙushe su an sulale da su ne zuwa Afirka da gabashin Turai. Laifi ne, ban ce ba laifi ba ne, amma ya nuna wa kowa cewa abin da aka kira shara yana da masu jiransa da kuɗi a hannu.

Ko a Landan, da magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa yankin harajin hayaƙi a watan Agustan 2023, inda mai tsohuwar mota ke biyan fam 12.50 duk ranar da ya fito da ita, fam 2,000 aka ware wa wanda ya yarda a murƙushe tasa. Sai ga shi a 2024, bayan matsin lamba, an amince a riƙa aika wasu daga cikin motocin zuwa Yukren don aikin agaji. Ashe dai suna tafiya. Ashe dai akwai inda ake bukatarsu.

Ina faɗin wannan da gaske, ba don gardama ba: wanda bai taɓa tsayawa a gaban dillali yana ƙirga abin da ke aljihunsa ya ga bai kai ba, da wuya ya fahimci abin da ƙarin kashi goma cikin ɗari a kan farashin mota yake nufi. Ga mai hali, ƙarin ɗan ciwon kai ne. Ga mai ƙaramin ƙarfi, shi ne bambanci tsakanin ya mallaki abin hawa da ya ci gaba da tsayuwa a bakin titi. Duk tsarin da sharaɗinsa na farko shi ne sai ka iya sayen sabuwa, to tun daga bakin ƙofa ya riga ya sallami talaka, sannan ya bi shi kasuwa ya tsauwala masa.

Akwai ma wata doka da ke tafe wadda ban ji ana maganarta a nan ba. A watan Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokar da za ta hana fitar da motar da ba ta ci jarrabawar lafiyar hawa titi ba zuwa ƙasashen waje. Ba na kare masu turo mana gawar mota, amma zan so in san ko akwai wanda ya zauna da dillalan Kwatano, ko 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka, ya tambaye su nawa injin Beljiyam zai koma idan dokar ta fara aiki, tunda tun daga 1 ga Janairun 2017 da Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, ga kuɗin fito, ga tashin dala, farashin bai sake saukowa ba.