Inuwar giginya: wa ya fara jin labarinka?

Ranar da aka kira ni aka ce na samu aikin da na yi wata takwas ina nema, ban yi minti biyar da ajiye waya ba na ɗora a sitatus. Alhamdulillah na rubuta da manyan baƙaƙe, na ƙara da ɗan bayani don kada wani ya kasa ganewa. Kafin la'asar saƙonnin barka sun cika wayar, har daga mutanen da rabona da su tun muna sakandare. Ina wajen abokai ina ta amsa "Allah ya sanya alheri" har aka yi isha'i.

Da na shiga gida na tarar da Umma zaune tana ninke wanki. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "An ce ka samu aiki. To, Allah ya sa albarka." Ashe maƙwabciyarmu ce ta shigo yi mata barka, 'yarta ta gani a waya. Umma ta karɓi barkar kamar ta daɗe da sani, don kada a ce ɗanta bai gaya mata ba. Rigar da ke hannunta a lokacin ita ce na saka ranar da na je ganawar neman aikin. Ita ta wanke ta, ƙanwata ta goge. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

'Yan uwana matasa, wannan abin kunya nawa na ɗauko don in ja hankalinmu, domin na duba na ga ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Fara'armu da ƙarfinmu da labarinmu duk na waje ne. Abin da ke isa gida shi ne kayan datti, da yunwa, da ɗaure fuska.

Ku dubi saurayin da za a yi bikin abokinsa. Shi ne ɗaukar kujeru, shi ne zirga-zirga, har tsakar dare yana tsaye bai ce ya gaji ba. Washegari a gidansu ya gama cin abinci, ya ture kwano gefe da ƙafa, ya ƙwala wa ƙanwarsa kira ta zo ta ɗauke. Ya fito wanka ya bar bokiti da ruwan sabulu a ciki. Takalminsa a bakin ƙofa inda tsohon gida zai yi tuntuɓe da shi. Idan aka ce ya share gaban ɗakinsa sai ya ce shi namiji ne. Namijin da jiya ya share wurin biki bayan an watse, ba wanda ya saka shi.

'Yan mata ma kada su yi dariya tukuna. Akwai wadda za ta yi awa biyu tana hira a waya, uwarta na tsugune tana wanke-wanke a gabanta, idan an yi magana ta ce "ina zuwa", ina zuwan da ba ya ƙarewa sai an kife kwanon ƙarshe. Akwai wadda ta sauke komai a kan ƙaramar ƙanwarta ko yarinyar da ke taya su aiki, kamar su jikinsu ba ya gajiya.

Aikin gida yana da wani hali guda: ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba. Ba mai shigowa ya ce kai, wa ya share nan haka? Amma a kwana ɗaya ba a share ba kowa zai tambayi dalili. Shi ya sa mai yinsa ke shekara ashirin tana yi ba ta taɓa jin sannu ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da rahoto a 2018 inda ta ce kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biyan ko sisi a kansa, mata ne ke yin sa. A lissafinsu mace na yin awa 4 da minti 25 a kullum, namiji awa 1 da minti 23. Ratar awa uku ke nan a rana, awa 21 a mako. Kusan kwana guda cur, dare da rana, da ake zarewa daga rayuwar uwarka ko matarka duk mako, kai kuma kana ganin gida yana tafiya da kansa.

Mai cewa aikin gida yana rage wa namiji girma, ina so ya gaya mini girman wa yake nema. Aswad ɗan Yazidu ya tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. A wasu ruwayoyin ta ce yana ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya tatsi akuyarsa da kansa. Mutumin da al'umma gaba ɗaya ke jiran maganarsa. Mukan kawo labarin Nana Fatima da niƙa ta sa hannunta ya yi kanta, ta je neman mai hidima, aka koya musu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 lokacin kwanciya. Mazaje suna son wannan hadisi ƙwarai, musamman in za su ce wa mace ta yi haƙuri. Amma a ruwayar Imamu Ahmad, Sayyidina Aliyu shi ma ya ce ya ja ruwa har ƙirjinsa na ciwo. Gidan nan mutum biyu ne suka gaji. Wannan ɓangaren ba kasafai ake karanta mana shi ba.

(Iyayenmu mata, da girmamawa nake faɗa, ku ma kuna da hannu. Yaro ya ɗauki tsintsiya yana ɗan shekara shida, ku karɓe ku ce ba aikinsa ba ne. Yana shekara talatin kuma matarsa ta kawo ƙararsa.)

To mece ce alaƙar wanke-wanke da labari? Na daɗe ban gane ba. Labarin gida a bakin aiki ake ba da shi. Uwa ba ta kiran taro ta sanar cewa gwiwarta na ciwo. Sai kana kusa da ita ta zo miƙewa daga tsugune ka ji ta ce wash. Ƙaninka ba zai zo ya same ka kana danna waya ya ce wani yana cin zalinsa a makaranta ba, amma kuna shara tare, kana tarawa yana kwashewa, sai maganar ta suɓuce. Baba ba zai ce kuɗin makaranta sun sha masa kai ba, sai kana riƙe masa tsani yana gyaran wani abu ka ji ya yi tsaki ya yi maganar shi kaɗai. Mutane sun fi sakin jiki idan hannu na aiki, ido bai kallon ido. Duk wanda ya janye hannunsa daga aikin gida ya janye kunnensa ke nan bai sani ba. Ya san wanda ya sayi sabuwar waya cikin abokansa, ya san wanda budurwa ta yaudara, amma bai san yayarsa ta yi sati tana kuka ba.

Ba cewa nake a daina gaya wa abokai abin farin ciki ba. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha cewa ta yi a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Ka'abu ɗan Maliku, bayan kwana hamsin da aka ƙaurace masa, ranar da aka karɓi tubansa ya shiga masallaci, Ɗalha ya taso da gudu ya yi masa musafaha da barka, kuma Ka'abu bai taɓa mance masa wannan ba. Barkar aboki tana da daɗi, tana zama a zuciya. Sai dai Alƙur'anin nan dai shi ya kawo mana Annabi Yaƙubu a aya ta 5 ta Suratu Yusuf yana ce wa ɗansa Yusuf kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa. Ku lura da wanda Yusuf ya fara kai wa labarin: babansa. Shi kuma ya faɗa masa inda labarin zai tsaya.

Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya yi fice da ra'ayin cewa ɗan Adam ba ya iya riƙe alaƙa ta sanayya da mutum fiye da kimanin 150, na jiki sosai kuma ba sa wuce biyar. Ko mutum bai yarda da lissafin ba, ya buɗe wayarsa ya ƙirga lambobin da ke ciki, sannan ya ƙirga nawa ne za su zo asibiti su kwana da shi. Sitatus kuwa ba ya tantancewa sai ka tantance masa. Tun da WhatsApp ya fito da shi a 2017 muke ruɗin kanmu da cewa ai bayan awa 24 zai ɓace. Yana ɓacewa daga wayarka. Wanda ya ɗauki hotonsa ya ajiye fa? Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro waya, balle yanzu da ake iya tura ta zaure goma da yatsa ɗaya.

Inda abin ya fi muni shi ne labarin da ba naka ba. Zama gida ɗaya yana sa ka ga abin da ba a nuna wa kowa: cikin yayarka da bai kai wata uku ba, bashin da ke kan Baba, rashin lafiyar da Umma ba ta so dangi su ji tukuna, yajin da matar yayanka ta yi. Ganinka da su bai mayar da su naka ba. Amma sai hira ta yi daɗi, kowa na kawo nasa, kai ma ba ka so a bar ka a baya, sai ka ce "kar ka gaya wa kowa fa", ka zazzage. Shi ma yana da wanda yake ce wa kar ka gaya wa kowa.

Ma'aurata sabbi, ku na fi ji wa. Kun yi saɓani da safe, kafin azahar ƙawaye huɗu sun ji irin rowarsa, shi ma abokansa sun ji ba ta iya komai ba. Da daddare kun shirya, kuna dariya, kun ma manta abin da ya haɗa ku. Su ba su shirya da shi ba. Shekara biyar ƙawarki na kallon mijinki da fuskar wannan ranar, kuma duk shawarar da za ta ba ki daga can za ta ɗauko ta. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma a cikin baki suke sasantawa. Muslim ya ruwaito cewa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama akwai mutumin da zai keɓanta da matarsa sannan ya fita yana yaɗa sirrinta.

Ina son labarin Anas ɗan Maliku a nan. Yana yaro yana wasa da yara, Annabi (SAW) ya aike shi, ya makara komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi wane aike ne, ya ce sirri ne. Ba ta ce ni uwarka za ka ɓoye wa ba. Cewa ta yi kada ka gaya wa kowa. Haka Sayyidina Abubakar, da Umar ya yi masa tayin auren 'yarsa Hafsa ya yi shiru, har Umar ya ji haushi. Sai daga baya ya bayyana masa cewa ya ji Annabi (SAW) ya ambace ta, shi kuma ba zai tona sirrinsa ba. Ya gwammace amininsa ya yi fushi da shi na ɗan lokaci. Mu kuwa ba ma iya jure a ce mana "kai ba ka ba mu labari".

Kada wani ya ɗauka ina cewa a haɗiye komai. Wanda ake zalunta a gida, ko damuwa ta hana shi barci, ko aure ya kai inda mutum biyu ba za su iya gyara shi ba, ya yi magana. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi (SAW) cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma ba a ce ta yi gulma ba, mafita aka ba ta. Ta kai wa wanda zai iya warwarewa ne. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, gaskiya ne, sai dai a tabbatar abokin kukan ne, ba ɗan kallo ba. Kai kuma da aka zaɓa aka gaya wa, hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to amana ce. Waiwayen kaɗai ya isa, ba sai ya roƙe ka ba.

Ranar da albashina na farko ya shigo ina wurin aiki. Yatsana har ya kai kan wayar, na mayar da ita aljihu. Da aka tashi na wuce gida kai tsaye, na tarar da Umma tana fama da wani ƙaton zanen gado, tana son matse shi ita kaɗai. Na naɗe hannun riga na kama ɗaya bakin. Muna murɗawa na gaya mata. Ta yi dariya, ta yi addu'a mai tsawo, ruwa na zuba mana a ƙafa. Can sai na ga ta saki nata ɓangaren tana murza wuyan hannunta. Na tambaya, ta ce ba komai, ya kai wata huɗu yana yi mata haka in ta yi wanki. Wata huɗu, muna kwana gida ɗaya. Na ce ta zauna. Ta zauna a kan kujera tana kallona ina shanya, tana cewa ba haka ake yi ba, in karkaɗe shi tukuna.