Bas ɗin da ke fita gareji fanko a Makka, me zai hana ya ɗauki mutane?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Shara Mansur ko Misfala kafin kiran sallar Asuba ya san wannan kallon: doguwar mota mai sanyi ta taho, fitilun cikinta tar, kujeru babu kowa, ta wuce fuu. A goshinta an rubuta da Larabci cewa ba ta kan aiki. Direban bai yi laifi ba. Daga gareji ya fito, zai je bakin tashar da layinsa ke farawa, kuma ba a ba shi izinin buɗe ƙofa a hanya ba. Da tsakar dare ma haka zai koma.

Babu birnin da motocin bas ɗinsa ba sa irin wannan tafiya ta wofi, domin mota ba ta kwana a inda take lodi. Sai an sha mai, an wanke ta, makanikai sun duba ta. Ra'ayina dai shi ne a Makka bai kamata a bar dukkan waɗannan tafiye-tafiye su tafi a banza ba.

A 2022 aka fara gwajin motocin bas na birnin kyauta, da motoci 400 a kan layuka 12, sannan a watan Nuwamba na 2023 aka sa kuɗin mota riyal 4. Mu ƙaddara kowace mota tana cin kilomita 10 daga gareji zuwa farkon layinta, ta ci wasu 10 a komawa. Kilomita 8,000 ke nan a yini guda, kusan zuwa Jidda sau 100, ana ƙona mai, ana cin taya, ana biyan direba, ba a kai kowa ko'ina ba. Misali ne na buga, amma ko an raba shi biyu abin ba kaɗan ba ne.

Lokacin da motocin ke fita shi ne ya fi damuna. Ba ma'aikacin ofis ne ke bakin titi ƙarfe huɗu na dare ba. Masu shara ne, da masu aikin kicin a otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami, da masu tura keken tsofaffi wurin ɗawafi, da dattawan unguwa da ba sa son sahun Asuba ya wuce su. Da yawansu mutanenmu ne na Hindawiyya da Rusaifa da Jarwal. Mai ƙaramin albashi da ya rasa mota a wannan sa'a, ko ya taka da ƙafa ko ya ba ɗan tasi kuɗin da zai yi masa cefanen yini.

Masu tsara jadawali suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Motar da babu fasinja tana bin titin zobe da ya kewaye gari ko ta ratsa ramukan da aka fasa cikin duwatsu, ta isa cikin ɗan lokaci. Da zarar an ce ta tsaya a kowace tasha, tafiyar minti 15 ta koma 25. To, ko dai direba ya fito da wuri a ƙara masa lokacin aiki, ko tashin farko ya makara. Makarar farko kuwa ba ta tsayawa ita kaɗai. Motar da ta yi latti tana tarar da mutane sun taru, lodi ya ƙara cinye mata lokaci, ta bayanta ta cim mata babu kowa a ciki, sai ka ga biyu sun iso tare bayan an gaji da jira. Ga kuma dokar hutun direba, wadda ba abin wasa ba ce ga mai ɗauke da rayuka. Akwai ma matsalar ruɗani: baƙon da ya zo Umra daga Kano ko Damagaram, ba ya karanta Larabci, zai iya faɗawa motar da za ta gareji yana zaton Harami ta nufa.

Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce a buɗe kowace tafiya ba. A zauna da taswira a tace. Inda hanyar gareji ta riga ta bi ta kan layin da ke da tashoshi, ƙarin mintunan kaɗan ne, a buɗe ƙofa. Inda sai an karkata, a bar ta. Wadda aka buɗe a ba ta lamba, a rubuta ƙarshen tafiyarta ɓaro-ɓaro, a sa ta a manhajar waya da allon tasha. Motar da yau ta tsaya gobe ta wuce, gwargwadon halin direba, ba ta da amfani ga wanda zai shiga aiki ƙarfe biyar; gara ma ya san babu.

Makka kuma ba Riyad ba ce. A can, inda sabon tsarin motocin bas ya fara aiki a 2023, jirgin ƙasa na cikin gari ya biyo baya a Disambar 2024, cunkoso na bin agogon ofis da makaranta. A nan salloli biyar ne ke kaɗa gari. Kafin salla motoci na cika zuwa Harami su dawo fanko, bayan sallama abin ya juya. Lokacin Asuba kansa yana matsawa da fiye da awa guda tsakanin zafi da sanyi, Ramadan ya mai da dare rana, Hajji ya sauya komai. Jadawalin da ake sake wa fasali sau da yawa haka a shekara, saka masa tafiyar gareji ba zai zama sabon nauyi ba, tun da dama ana kan teburin.

Hukumar da ke kula da birnin Makka da Masha'ir, wato wuraren aikin Hajji irin su Mina da Arfa, tana da abin aunawa a hannu, domin kowane fasinja yana taɓa kati ko waya idan ya shiga. A ɗauki layi biyu da ke ratsa unguwanni masu yawan ma'aikata, a buɗe fitar Asuba da komawar dare na wata uku, a wajen Ramadan da Hajji. Sai a ƙirga mutum nawa suka hau, a kuma duba minti nawa tashin farko ya makara.