Ba Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan besbol ba

Har gobe ana faɗa cewa Janar Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, a garin Cooperstown na Amurka a 1839. Ba haka ba ne. A shekarar nan yana ɗalibi a makarantar soja ta West Point, kuma har ya rasu a 1893 bai taɓa cewa wasan nasa ne ba.

Labarin ya fito ne daga wani kwamiti da Albert Spalding, attajirin kayan wasanni, ya sa aka kafa a 1905, don yana son a tabbatar wasan ɗan asalin Amurka ne. Babbar hujjarsu ita ce wasiƙar wani dattijo, Abner Graves, da ya ce Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan, alhali shi Graves shekararsa 5 kacal a 1839. Abin yana damuna, yadda aka jingina tarihi guda a kan tunanin ƙuruciyar mutum ɗaya.

Sunan wasan ya riga ya fito a wani littafin yara a Ingila tun 1744. A 1791 kuwa, mahukuntan garin Pittsfield na Amurka sun hana buga shi kusa da sabon zauren taronsu, gudun kada ƙwallo ta fasa musu gilashin tagogi.