Ranar da sanatocin Amurka suka lashe amansu

Ranar Laraba 18 ga Janairu, 2012, duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Turanci baƙin shafi ya tarar, da ɗan gurbin da Ba'amurke zai rubuta lambar yankinsa a nuna masa yadda zai kira ɗan majalisarsa. Awa 24 aka yi a haka, don nuna adawa da wasu ƙudurorin doka na yaƙi da satar fasaha a intanet da ke gaban majalisar Amurka. Reddit ta rufe na awa 12, Google kuma ta shafe tambarinta da baƙi. Kafin rana ta faɗi, Sanata Marco Rubio na Fulorida, wanda sunansa ke cikin masu ɗaukar nauyin PIPA, ɗaya daga cikin ƙudurorin, ya hau Facebook ya ce ya zare hannunsa. Roy Blunt ya bi sahu, Orrin Hatch ma haka. Ƙidayar da kafar binciken labarai ta ProPublica ke yi kan ƙudurorin ta nuna a ranar akwai 'yan majalisa 80 masu goyon baya da 31 masu adawa. Washegari lissafi ya juye, masu goyon baya suka koma 65, masu adawa suka kai 101. Zuwa Juma'a, shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa Harry Reid ya ɗage ƙuri'ar da aka sa ranar 24 ga wata, ba a kuma sake jin ɗuriyarta ba.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin ranar da 'yan majalisa suka saurari jama'a. Ni dai ban ga abin jinjina musu ba. Janyewar daidai ce, amma abin da ta tona shi ne mutanen nan sun sa hannu a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba.

Ƙudurorin biyu ne, Ɗanjuma da Ɗanjummai. Patrick Leahy ya gabatar da PIPA a majalisar dattawa a watan Mayun 2011, Lamar Smith na Texas ya kawo SOPA majalisar wakilai a watan Oktoba. Abin da suke hari shi ne shafukan ƙasashen waje da ke raba finafinai da waƙoƙin sata, waɗanda hannun kotun Amurka ba ya kai wa gare su. Tun da ba a iya kama ɓarawon ba, sai aka ce a toshe hanyar gidansa: kamfanonin intanet su daina kai mutane shafin, injinan bincike su goge shi daga sakamako, irin su Visa da PayPal su datse masa kuɗi, masu talla su gudu. Toshewar kuwa ta hanyar taɓa rajistar da ke haɗa sunan shafi da lambarsa za a yi ta. Kamar ka goge sunan mutum ne a wayarka alhali layinsa na nan yana shiga, wanda ya haddace lambar zai kira abinsa. Injiniyoyi 83, cikinsu har da Vint Cerf da ake lissafawa cikin waɗanda suka gina intanet, sun rubuta wa majalisa a watan Disamba cewa wannan zai gurgunta tsaron tsarin gaba ɗaya, ɓarawon kuma zai zagaye. Ga kuma fargabar cewa shafin da miliyoyin mutane ke ɗora abubuwa a kai zai iya tafiya saboda laifin mutum ƙalilan.

Duk wannan bayani yana nan tun kafin Janairu. Amma PIPA ta tsallake kwamitin shari'a na dattawa mako biyu kacal bayan gabatar da ita, ba wanda ya ce uffan, sai Ron Wyden na Oregon da ya tsaya kai da fata ya hana a kai ta zaure. A zaman kwamitin wakilai na Disamba, wasu mambobi da bakinsu suka ce ba su fahimci yadda abin ke aiki ba, suka kuma nemi a wuce da shi a haka. Jason Chaffetz ne ya yi ta roƙon a kira masana a ji ta bakinsu tukuna.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, kwanaki kaɗan kafin ranar baƙin shafi, Smith ya riga ya ce zai cire sashen toshe suna, Leahy ma ya nuna zai jingine nasa, Fadar White House kuma ta ce ba za ta goyi bayan dokar da za ta taɓa wannan rajista ba. Ke nan ƙudurin da Rubio da Hatch suka gudu daga gare shi ya fi wanda suka sa wa hannu sauƙi. Lokacin da yake da ƙaho suna bayansa, da aka karya ƙahon sai suka ce ya yi haɗari. Ba wani sabon sashe da suka gano ranar 18 ga wata. Wayoyin ofisoshinsu ne suka ƙi yin shiru, kuma shekarar zaɓe ce.

Chris Dodd, tsohon sanata da ya koma shugabancin ƙungiyar manyan kamfanonin fim na Hollywood, shi ya ƙarasa fasa ƙwan. Cikin fushi ya fito a Fox News yana gargaɗin 'yan siyasa cewa wanda bai tsaya musu ba kada ya zo neman gudummawar kamfe. Da wannan magana ya gaya wa duniya da me aka sayi sa hannun farko. Sai dai kada mu yi wa ɗaya ɓangaren kwalliyar da ba tasa ba. Gaskiya ne mutane sun fusata, Google ta ce miliyan 4.5 suka sa hannu a takardar ƙorafinta a ranar kaɗai. Amma Google kamfani ne mai kare kasuwarsa, kuma wanda ke riƙe da ƙofar da kowa ke bi ya shiga intanet, in ya yi tari kowa zai ji. Giwaye biyu ne suka kara, jama'a suka ga wadda ta fi kusa da muradinsu suka mara mata.

Wanda aka manta da shi a tsakiya shi ne mai aikin da ake sacewa, kuma mu nan ba sai an yi mana tafsirin wannan ba. Na taɓa tsayawa a wata rumfar cajin waya a Kano ina kallon wani yaro yana tura wa mutane finafinan Hausa a memori. Kwamfuta ɗaya ce a gabansa, wayoyi jere a kan benci, mai sayen yana faɗin sunan fim yana danna masa, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Furodusan da ya sayar da fili ya yi fim ɗin ko sisi ba ya gani. Wannan ciwo ne ya kashe kasuwar faifai, ya kora masu shirya fim zuwa YouTube. Saboda haka ba na cikin masu cewa satar fasaha ƙirƙirar Hollywood ce. Ɓarawo yana nan. Laifin SOPA shi ne don a kashe ɓera ta nemi a cinna wa rumbu wuta, 'yan majalisar da suka gudu kuma ba su dawo da wani tarko da ya fi shi ba. Ƙudurin da Wyden da Darrell Issa suka kawo a madadinsa, mai suna OPEN, shi ma a aljihun tebur ya mutu.

Kwana ɗaya bayan rufe Wikipedia, ranar 19 ga Janairu, hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, ɗaya daga cikin manyan rumbunan da ake zargi da kayan sata, 'yan sandan New Zealand kuma suka dira gidan mai shi, Kim Dotcom, suka yi awon gaba da shi. Kamfanin a Hong Kong yake da rajista, mai shi Bajamushe ne, kuma da tsohuwar doka aka yi wannan aiki, wadda ake ta cewa ba ta isa ba. A watan Afrilun shekarar, wata babbar kotu a Ingila ta umarci kamfanonin intanet na ƙasar su toshe The Pirate Bay, shafin da ya yi suna wajen raba finafinai da waƙoƙin sata, wato irin toshewar da Rubio ya sa wa hannu sannan ya guje mata. Masu shiga shafin suka koma bi ta bayan gida da wasu adireshin.