Mishigan ta riƙe wasanta na 1879, mu wa ya riƙe mana na 1978?

Duk Bahaushen da ya zo Amurka ya zauna kusa da garin jami'a, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yadda mutanen nan suka ɗauki wasan ɗalibai da girma. Ina zaune ne kusa da Ann Arbor a jihar Mishigan, garin da mutanensa ba su wuce dubu 120 da 'yan kai ba, amma filin zari-ruga (ƙwallon ƙafa irin na Amurka) na jami'ar garin yana cin mutum 107,601. Tun watan Nuwamba na 1975 ba a yi wasan gida da 'yan kallo suka gaza dubu 100 ba, in ka cire shekarar korona da aka rufe ƙofa. In na tura wa 'yan uwa hoto a gida, amsarsu ɗaya ce: ai kuɗi ne. Kuɗin yana nan, ban musa ba. Sai dai ni ba shi ne yake tsaya mini a rai ba. Abin da nake kishi shi ne ƙungiyar nan ta san kanta tun daga ranar farko, kuma ba a bari tarihinta ya zube a ƙasa ba.

Wasanta na farko an yi shi ne ranar 30 ga Mayu, 1879, a Shikago, da wata kwaleji mai suna Racine, Mishigan ta ci 1 da nema. Sunayen yaran da suka buga suna nan, hotonsu yana nan a ɗakin adana tarihi na Bentley da ke cikin jami'ar, kuma haka abin yake shekara bayan shekara har zuwa bana. Wanda kakansa ya taɓa sa rigar ƙungiyar, ko da bai taɓa fita daga benci ba, zai iya hawa intanet ya nemo sunansa da shekarar da ya yi.

A 1901 aka ɗauko koci Fielding Yost. A kakarsa ta farko suka buga wasa 11, suka tara maki 550, ba wanda ya ci su ko maki ɗaya. Su ne suka buga babban wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl na farko a Kalifoniya ranar 1 ga Janairu, 1902, suka yi wa Stanford 49 da nema, har aka tashi wasan lokaci bai cika ba. Sai da suka jera wasa 56 ba a doke su ba, kafin Jami'ar Shikago ta ci su 2 da nema a 1905.

Labarin da ya fi burge ni a wancan zamanin na wani tulu ne. A 1903 suka je wasa gidan Minnesota, hankalin Yost bai kwanta da ruwan da masu masauki za su ba yaransa ba, sai aka sayo tulun ƙasa na kwabbai kaɗan aka zuba nasu. Aka tashi 6 da 6, 'yan kallo suka cika fili, a cikin hayaniyar aka manta da tulun. Mutanen Minnesota suka riƙe shi, suka ce mai so ya zo ya ci wasa ya karɓa. Mishigan ta karɓo shi a 1909. Har yau a kan tulun nan ake fafatawa, kuma duk wasan da aka yi sai an rubuta sakamakonsa a jikinsa da fenti. Tulu ne fa, irin wanda da a gida ne da tuni ya fashe a bayan ɗaki ba wanda ya waiwaya.

Shi kansa filin, da aka buɗe a 1927 da wurin zaman mutum dubu 72, a cikin ƙasa aka haƙa shi. Daga titi ba za ka gane ainihin girmansa ba. Sai ka bi ta ƙofar, ka ga rami ya buɗe a gabanka, mutane sun cika shi da ruwan ɗorawa da shuɗi tun daga baki har ƙasa. Wancan ɗayan da ke ƙarshen 107,601 kuwa kujera ce da aka ware don tunawa da Fritz Crisler, kocin da ya zo a 1938 da hular kwano mai zanen fiffike wadda suke sawa har gobe.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin kamfanin mota ne da ya yi ritaya, bai taɓa zama a ajin jami'ar ba. Ranar wasa tun da sanyin safiya yake fito da kujerun roba bakin gareji, ya kunna gawayi, ya tsaya da ƙyalle a hannu yana nuna wa baƙi inda za su ajiye mota a kan ciyawar gidansa. In ka zauna da shi, wasan 1969 zai kawo maka: Ohio State ta zo da nasara 22 a jere, ana cewa ba mai iya tsayawa a gabanta, sabon koci Bo Schembechler, wanda a da yaron kocinsu Woody Hayes ne, ya doke su 24 da 12. Wata rana yana cikin bayarwa, jikarsa da ba ta wuce firamare ba ta riga shi faɗin sakamakon. Wannan yarinyar ita ce hujjata. An haife ta shekara arba'in da wani abu bayan wasan, amma nata ne.

Kada a ɗauka tarihin nan duk farin jini ne. A 1934 ƙungiyar jami'ar Georgia Tech ta ce ba za ta shiga fili ba muddin Willis Ward, ɗan wasan Mishigan baƙar fata, yana ciki. Yost ne shugaban wasanni a lokacin, kuma jami'ar ta biye musu, aka ajiye Ward. Ɗalibai sun yi zanga-zanga, ba ta hana ba. Abokin Ward na kusa a ƙungiyar shi ne Gerald Ford, wanda ya zama shugaban Amurka a 1974, kuma ya so ya ajiye rigar saboda wannan wulaƙanci, Ward ne ya ce masa ya buga. Mishigan ta ci 9 da 2, kuma ita ce kaɗai nasararta a duk kakar. Ward mutum ne da ya taɓa tsere wa Jesse Owens a gudu, daga baya ya zama alƙali, amma ranar nan launin fatarsa ya hana shi taka ciyawar makarantarsa. A matsayina na baƙi mai zaune a garin nan, duk lokacin da na wuce zauren wasan ƙanƙara da ke ɗauke da sunan Yost sai na tuna. A 2021 wani kwamitin jami'ar ya ba da shawarar a cire sunan. Da me suka kafa hujja? Da wasiƙu da takardun da jami'ar da kanta ta adana. Da an ƙone su, ko an bar gara ta cinye, da yau ba mai iya tsaya wa Ward.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani likitan jami'ar, Robert Anderson, ya yi shekaru daga 1966 zuwa 2003 yana cin zarafin ɗalibai, da yawansu 'yan wasa. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun ce sun kai ƙara tun a lokacin ba a saurare su ba. A 2022 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 490 ga mutane fiye da dubu. Wannan kam waɗanda aka zalunta ne suka tono shi, ba jami'ar ba. Ko kakar 2023, da suka zama ƙungiya ta farko da ta kai nasara 1,000, suka ci wasa 15 ba faɗuwa, suka doke Washington 34 da 13 suka ɗau kofin ƙasa, ta zo da tabo: an dakatar da koci Jim Harbaugh wasa uku saboda zargin leƙen asirin alamomin abokan karawa. Ba na fatan mu kwaikwayi tsarin da koci zai fi shugaban jami'a albashi nesa ba kusa ba, ko wanda suna zai fi yaran mutane daraja.

To mu koma gida. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin lig na Najeriya. A watan Afrilu na wannan shekarar Fluminense ta Burazil ta zo Kaduna ta kara da ita, kuma Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya shiga fili. Pele, a Kaduna, yana buga wasa da yaran Kano! Ka shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Fagge ko Ƙofar Mata, ka tambayi matasan da za su jero maka 'yan wasan Madrid da Arsenal har da na benci, su faɗa maka sunan mutum uku da suka tsaya gaban Pele ranar. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya ajiye musu abin a inda hannunsu zai kai. Haka Ranchers Bees ta Kaduna, haka Mighty Jets ta Jos da ta ɗau lig na farko a 1972.

Kano Pillars ma, da aka kafa a 1990, ta ɗau lig a 2008, ta sake jerawa a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan an tashi 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda da rigarta kafin ya tafi Turai. Masu "Sai Masu Gida" suna da abin faɗi ƙwarai, kuma ƙaunar da na gani a filin Sani Abacha ba ta gaza ta Ann Arbor da komai ba. Tsorona shi ne nan da shekara 30 daren Alƙahira ya bi sawun ranar Pele.

Jami'o'inmu fa? Gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, tun 1966 ake yin ta, a Ibadan aka fara. A jami'ar da na yi karatu a gida, na taɓa leƙa ofishin wasanni na ga kofuna jere a cikin kabad mai fasasshen gilashi, ƙura ta rufe su, babu ko takarda da ke cewa wace shekara aka ciwo su ko su wa suka ciwo. Na tambayi mai kula da wurin, ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, nan na zo na tarar da su." Na san wani zai ce kwatancen bai yi daidai ba, domin a Amurka jami'a ce hanyar shiga ƙwararrun 'yan wasa, mu kuwa yaranmu daga filin unguwa suke tasowa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a gina wa Samaru ko Bayero filin mutum dubu 100 ba. Rubuta suna da shekara a jikin kofi kuwa, wannan bai jiran tsarin Amurka.

Kuma ba wai Bahaushe bai iya riƙe gwarzonsa ba ne. Sunan Shago ɗan dambe yana bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, saboda makaɗi ya yi masa waƙa. A Nijar, gasar kokawa ta takobin ƙasa tun 1975 ake yin ta, a Tawa aka fara, tana zagaya jihohi, kuma in ka zauna da dattijan Maraɗi za su ba ka labarin Kantu kamar jiya ya yi kaye. Matsalar ita ce makaɗi gwani ɗaya yake wa waƙa. Mai tsaron baya da ya tare ƙwallo a minti na 89, da mai tsaron raga na biyu, da kocin da ya sayar da kekensa ya saya wa yara takalma, su ba su da kalangu.

Wasu daga cikin waɗanda suka buga wa Raccah Rovers da Ranchers Bees, da waɗanda suka kalle su, suna raye, sun manyanta, suna zaune a ƙofar gidajensu a Kano da Kaduna. Rahotannin wasanninsu sun fito a New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma Kaduna tana da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa inda ake adana irin waɗannan. Kowace shekara sassan tarihi da na aikin jarida a jami'o'inmu suna neman maudu'in da za su ba 'yan ajin ƙarshe. Roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, a ba kowane ɗalibi ƙungiya ɗaya da kaka ɗaya. Ya je da wayarsa ya naɗi muryar dattijon, ya ɗauki hoton rigar da lambar yabon in suna nan, ya rubuta sunayen duka sha ɗayan da na benci, a sa a intanet da Hausa. Mu da ke waje, in aka fara, kuɗin mota da na data a wuyanmu yake.